Rabin Inci da Shuɗin Alli

A hawa na biyu, saman shagon mai sayar da fenti, akwai wurin ɗinkin kayan makaranta: kekuna tara, dutsen guga biyu, da teburin yanka guda ɗaya mai tsawon ƙofa biyu. Keke kowa na iya hawa. Teburin kuwa na mace ɗaya ne, shekara goma sha huɗu ke nan, ko mai shagon ɗinkin ba ta isa ta aza jakarta a kai ba. Rabin Inci ake ce mata. Sunan ya kama ta ne ranar da ta mayar wa wata mai ɗinki wanduna arba'in ta ce a farke, wai ƙafar hagu ta ɗara ta dama da rabin inci. Mai ɗinkin ta yi ƙwalla, ta ce wa zai lura da wannan? Ta ce, "Yaron da zai sa zai lura. Zai yi ta jan wando bai san abin da ke damunsa ba." Haka aka zauna aka farke su ɗaya bayan ɗaya.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, tef ɗin awo a wuya kamar sarƙa, shuɗin alli a maƙale bayan kunne. Ba ta gulma, ba don ta fi kowa tsoron Allah ba, a cewarta surutu yana karkatar da hannu. Idan ta shimfiɗa yadi ninki goma sha biyu ta ɗora almakashi, har mai fenti na ƙasa ya san an fara aiki.

Tana da shekara ashirin da tara mijinta na farko ya rasu, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya yarda ya kira sunanta. Da aka share makoki ta kai kanta asibiti, ba wanda ya aike ta, ta miƙa hannu aka ɗebi jini. Aka ce tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Dangin mijin, waɗanda suka san komai tun yana da rai suka yi gum, su ne suka fara ware mata kofi da cokali. Ka ji mutane! Ɗansu ya kawo, ita ce abin ƙyama. Ba ta tsaya jayayya da su ba. Ta tattara kayanta a buhu biyu, ta kama ɗaki kusa da shago, ta bar musu kofin su raba gado.

Da aka ba ta magani aka ce ƙwaya ɗaya kullum, a lokaci ɗaya, har ƙarshen rai, sai ta ji kamar an miƙa mata awo ne. Awo kuwa ba ta wasa da shi. Ta zaɓi ƙarfe takwas na safe, lokacin da take zaro almakashi daga jakarsa. Waya ta yi ƙara, ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta kama aiki. Matan shago sun ɗauka maganin hawan jini ne, ta bar su a haka. Ranar da ruwan sama ya cinye titi ta sha. Ranar da aka kwantar da uwarta, a bakin gadon ta sha. Ko da aka sauya mata zuwa sabuwar ƙwaya, lokacin bai sauya ba. Shekara tara, duk gwajin da aka yi mata amsa ɗaya ce: cutar ta kwanta, ba a ma ganinta a jini.

Mijinta na yanzu mai gyaran famfo ne. Ya zo gyara a banɗakin shago, ta leƙa ta ce masa bututun da ya sa ya karkace. Ya ce ai ruwa bai damu ba. Ta ce ita ta damu. Ya kwance ya sake ɗaurawa, kuma tun daga ranar famfon shagon ya riƙa lalacewa duk mako ba gaira ba dalili. Da ya fito da maganar aure ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Malam, ina da cutar da mutane ke rage murya in za su faɗa. Ina shan magani, ta kwanta. Je ka yi tambaya a asibiti, kada ka tambayi abokanka na bakin titi."

Ya ɓace mako biyu. Ya dawo da takardar gwajinsa, lafiyarsa ƙalau, da tambayoyi bakwai a rubuce a bayan takardar siminti. Ta amsa shida, ta bakwai ta ce ba ruwansa. Aka yi aure.

Shekara uku shiru, har ta cire rai, sai ga ciki tana da talatin da takwas. Ya zo mata da amai da safe, da ƙwannafi mai ƙona maƙogwaro. A wurin awon ciki aka ba ta jar ƙwaya ta ƙarin jini, ita kuma ta sayo farin maganin ƙwannafi, mai kauri kamar fentin da ake sayarwa a ƙasan shagonsu. Da yake ita mace ce mai son komai a jere, ta haɗa su duka a ƙarfe takwas: ƙwayarta, jar ƙwaya, cokalin farin magani, cikinta fayau don abinci ba ya zama kafin hantsi. A 'yan watannin ne mai shago ta fara ƙorafin alli na ƙarewa da wuri, har ta ce a sa tarkon ɓera.

Cikin yana wata biyar ta je karɓar sakamakon gwaji. Ɗakin ba shi da ƙofa, labule ne, bayan labulen kuma benci ne cike da mata masu kunne. Sistar da ke kan tebur sabuwa ce a wurin, murya gare ta kamar mai kiran fasinja. Ta buɗe fayil, ta ɗaga gira.

"Baiwar Allah, yaushe kika daina shan magani?"

"Ban daina ba."

"Awon cutar a jininki ya kai dubu ɗaya da ɗari takwas. Da ba a ganinta, yanzu ga ta nan ta miƙe. Kwana nawa kika tsallake?"

"Sista, ko ɗaya."

"Duk haka kuke cewa. Jini dai ba ya ƙarya. Ke ba yarinya ba, da furfurarki. Kin san idan kika haihu a haka abin da ke cikin nan zai iya ɗauka? Ko ba ki tausayin kanki, ki tausaya masa mana."

Ta zaro jan biro ta rubuta a saman fayil cewa ba ta shan magani yadda ya kamata, ta ja layi biyu a ƙasa. Ta ce a dawo bayan mako shida a sake gwaji, ta ƙwala wa ta gaba kira.

Tambaya ɗaya ba ta yi ba. Me kike sha tare da shi, me kike ci, ƙarfe nawa, da me kike korawa? Babu. Mace ta riƙe abu shekara tara ba fashi, an shafe shi da jan biro cikin minti uku, don ya fi sauƙi a ce ƙarya take da a ce bari mu bincika. Rabin Inci ta ratsa ta gaban bencin nan kanta a miƙe, idanu goma sha biyu na bin cikinta. Ta fice ta nufi gida.

A gida ta tarar da maigidan yana wanke hannu da omo a tsakar gida. Ta gaya masa yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Sai ya yi kuskuren da ya fi kowanne a aurensu.

"Mutuniyar, ko sau ɗaya? Ko ranar da amai ya matsa miki?"

"Kai ma?"

"A'a, tambaya dai..."

"Tambaya ce ko tuhuma? Wa ke zagin wayar nan duk Lahadi in ta hana shi barcin safe? Ba kai ba?"

Ya sha jinin jikinsa. Ya ɗauraye hannu, ya goge a wando, ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan, inda hannu ba ya kai wa.

"To, na yarda, ki yafe ni. Amma bari in faɗi abin da na sani. Idan na je gida aka ce famfo ba ya kawo ruwa, na hau na ga tanki cike, ba na tsayawa zagin mai gida cewa bai zuba ruwa ba. Bututun nake bi, taku-taku, har in ga inda ya toshe ko inda yake yoyo. Ke kina zubawa ta sama. Jini ya ce bai gani ba. To, a hanya yake tsayawa."

Ta dube shi. Ta ce, "Ashe kan nan ba don ɗaukar hula kawai aka yi shi ba."

Washegari ta yanki takardar da take zana samfurin riga a kai, ta ja layuka bakwai da rula. Duk abin da ya shiga bakinta ta rubuta, da lokacinsa: shayi, burodi, shinkafa, lemo, ruwa kofi nawa, har ɗan gishirin da ta lasa. Kwana bakwai cur. Ran na takwas, ba ranar ganinta ba ce, ta nemi izinin rabin yini, ta zuba duk kwalaben gidanta a leda ta nufi asibiti. Ba ta bi ta wurin labule ba. Tagar ba da magani ta nufa, ta zauna a ƙarshen layi, duk wanda ya zo bayanta ta ce ya wuce, har tagar ta zama ba kowa.

Mai ba da maganin dattijo ne mai kaurin tabarau, ya riga ya ɗauko kwanon abincinsa. Ta zazzage ledar a gabansa, ta shimfiɗa takardar.

"Baba, an ce ƙarya nake. Ga abin da nake sha, ga abin da nake ci. Ka nuna mini inda ƙaryar take, in ba haka ba a nan zan wuni."

Ya dubi kwanonsa, ya dube ta, ya rufe kwanon. Ya bi takardar da yatsa. Ya ɗaga kwalbar farin maganin, ya ɗaga jar ƙwayar.

"Waɗannan ƙarfe nawa?"

"Takwas."

"Naki na kullum fa?"

"Takwas."

"Da abinci?"

"Ina abinci zai zauna? Da ruwa."

"Wata nawa?"

"Uku da 'yan kwanaki."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Wa ya ce ki haɗa su?"

"Wa ya ce kada in haɗa su?"

Ya jawo takardar gabansa. Ya ce, "'Yata, irin ƙwayar da kike sha yanzu tana da kyau ƙwarai, amma ba ta jituwa da waɗannan a ciki ɗaya. Abin da ke cikin farin nan, da abin da ke cikin jar nan, suna kama ta tun a hanji su riƙe, su fice da ita ba ta shiga jini sosai ba."

"Kamar mayen ƙarfen da muke tsince fil da shi."

"Kamar shi. Kin..." Ya tsaya. Ya mayar da tabarau, ya matso da fuska jikin taga. "Me kike taunawa?"

"Ni? Ba komai."

"Leɓenki shuɗi ne."

Ta kai hannu baki. A tsakanin yatsunta akwai guntun alli, gefensa duk shaidar haƙori. Ba ta san lokacin da ta zaro shi daga bayan kunne ba.

"Au, wannan? Alli ne. Na aiki."

"Ci kike yi?"

"Ba ci ba ne, Baba, ɗan gatsa ne. Tun da cikin nan ya shiga nake jin daɗin ƙamshinsa."

"Guda nawa a rana?"

Ta yi lissafi a zuci, kunya ta fara hawa mata wuya. "Biyu. Ranar da aiki ya yi yawa, uku."

"Daga ƙarfe nawa?"

"Ina shiga shago nake farawa. Bakwai da rabi."

"Ga shi kin rubuta har gishirin da kika lasa, ba ki rubuta alli uku ba!"

"To ai ba abinci ba ne!"

Dattijon ya yi dariya har da tari, ita ko gezau. Da ya nutsu ya ce shi ba zai rantse a kan wanne ne cikin ukun ya yi ɓarnar ba, don bai san abin da aka zuba a allin nan ba, amma alli da farar ƙasa dangin farin maganin ne, kuma bai yarda da ko ɗaya ba. Ya juya takardarta ya rubuta mata a baya da manyan baƙaƙe. Ƙwayarta tana nan a ƙarfe takwas, ita kaɗai. Jar ƙwaya ta koma wurin abincin rana, kada ta bari, don yawanci ƙarancin jini ne ke jawo irin wannan kwaɗayin. Farin magani sai awa biyu bayan ta sha ƙwayarta, kuma kada ta sha shi cikin awa shidan da ke gabanin ƙwayar. Alli kuwa, ko lasa. Ya rubuta wa likita 'yar wasiƙa, ya ce ta kai yanzu, kuma idan an sake gwaji abin bai sauka ba akwai wata dabarar, kada ta yanke wa kanta hukunci.

"Saura mako biyar a sake ɗiban jinin," in ji shi. "Za ki iya?"

"Baba, ci abincinka, ya huce."

Jar ƙwaya da farin magani ba su ba ta wahala ba, sauya lokaci ne kawai. Alli shi ne yaƙin. Mashayin taba yana iya barin kwalin a gida. Ita da alli take neman abinci, yana hannunta daga safe har yamma, ƙurarsa a yatsunta, ƙamshinsa kamar ƙasar da ruwan fari ya taɓa. Sai ta tuna dabarar tsohon da ya koya mata yanka: ƙarshen sabulu, wanda ya sirance ya bushe, yana zana layi a yadi fes. Ta bi maƙwabta tana roƙon guntayen sabulu har suka fara zargin ko talauci ne ya kama mai famfo. A kan wanduna masu ruwan toka da siket shuɗaye sabulu ya yi aiki, kuma ko mahaukaci ba ya gatsar sabulu sau biyu.

Ana cikin haka aka kawo aikin fararen riguna ɗari shida, a gama cikin kwana goma sha biyu. Farin sabulu a farin yadi, ina za a gani? Ta gwada fil, ta gwada 'yan tsage-tsage da bakin almakashi, aikin ya riƙa tafiyar hawainiya. Kekuna tara suka zauna jiran yanka.

Mai shago ta fito tana kaɗa makullai. "Wai ni Rabin Inci, wanka za ki yi wa yadin ne? Ga alli kwali guda na sayo, ɓeran ma ya tuba ya daina ci. Ɗauki ki yi mana aiki!"

Ta ɗauka. Rana ta farko ta daure. Rana ta biyu da hantsi, tana lissafin hannun riga, sai ta ji garɗi a bakinta. Ta ruga banɗaki ta tofar, ta kurkure baki sau biyar, ta tsaya tana kallon shuɗin ruwan yana bin rariya. Abin da ke cikinta ya motsa. Ta ce masa a hankali, "Na ji. Yi haƙuri."

Da ta fito, tsohuwar da ke ɗinka maɓalli tana tsaye a bakin ƙofa. Inna Maɓalli ake kiranta, ta girmi kowa a shagon, ba ta hawa keke, allura da zare ne aikinta, kuma ba abin da ke wuce ta.

"Ke ce ɓeran," in ji Inna.

"Ni ce."

"To mene ne na kuka? Ni da cikin ɗana na uku bangon ɗaki na kusa cinyewa."

Rabin Inci ta dubi hagu ta dubi dama. Kekuna na ta ruri, ba mai ji. Shekara tara ba ta gaya wa kowa a shagon ba. Amma ta auna abin, ta ga ita kaɗai ba za ta kai mako huɗu ba.

"Inna, maganin da nake sha ƙarfe takwas ba na hawan jini ba ne. Na ƙanjamau ne. Allin nan yana hana shi aiki. Idan bai yi aiki ba, abin da ke cikina zai iya ɗauka. Shi ke nan, kin ji. In za ki ware mini kofi, ki ware."

Inna ta jujjuya zoben ɗinkin da ke yatsanta. Can ta ce, "Shekara nawa nake shan shayi a kofinki in nawa ya ɓata?"

"Da yawa."

"To ai kin makara da gargaɗi. Miƙo allin."

Ta murɗa zare huɗu ya zama igiya, ta huda allin da allura mai zafi ta zura, ta ɗaure ɗaya bakin a ƙusar gefen tebur. Ta ce Rabin Inci ta auna da kanta: igiyar ta kai ko'ina a kan yadi, amma kada ta kai bakin mai tsaye. Aka auna, aka yanke.

"In sunkuya fa?"

"Da wannan tulun a gabanki? Sunkuya mu gani." Inna ta jawo kujerarta da kwanon maɓallanta ta dawo daura da teburin, ta aza doguwar rula a cinya. "Kuma in kin iya, ga wannan."

Matan shago suka yi ta dariya, wai an ɗaure alli kamar akuya. Inna ta ce maganin ɓera ne, ba ta ƙara ko kalma ba, har yau. Sau biyu rular ta sauka a bayan hannun Rabin Inci, sau biyu ta ce, "Na gode, Inna," tana cije baki. Da yamma takan wanke hannu har ƙarƙashin farce kafin ta sauka. Aka gama riguna ɗari shida ranar sha ɗaya. Wajen mako na huɗu, da jar ƙwayar ta fara kama jikinta, sai ta wayi gari ƙamshin allin ya koma ƙamshin alli kawai.

Aka ɗebi jini. Aka jira. Ranar sakamako Sistar nan ce dai a kan tebur. Ta buɗe fayil ta yi murmushin wanda ya ci gari.

"Yauwa! Ta kwanta, ba a ganinta. Kin gani? Da kika koma shan maganinki."

Rabin Inci ta lumshe ido, ta yi hamdala a zuci, ta bar daɗin ya ratsa ta tukuna. Sannan ta buɗe jaka ta ajiye kwalbar farin magani da guntun alli a kan fayil ɗin.

"Sista, ban koma ba, don ban taɓa bari ba. Waɗannan ne. Wasiƙar mai ba da magani tana cikin fayil ɗin nan, shafi na gaba, likita ya sa hannu. Karanta, sannan ki soke jan rubutun nan."

"Baiwar Allah, akwai layi a waje."

"Na gan su, ta gabansu na wuce ranar da kika kira ni maƙaryaciya. Fayil ɗin nan zai bi ni ɗakin haihuwa. Duk wanda ya buɗe, abin da zai fara gani ke nan. Ba na tashi."

Sista ta juya shafin ta karanta. Ta sake karantawa. Fuskarta ta sauya, muryar ta ragu. Ta ɗauki biro ta soke layin, ta sa hannu a gefe. Ba ta ce a yi haƙuri ba, irinsu ba su iya ba, amma ta riƙe kwalbar tana dubawa, ta ce, "Bar mini wannan a nan."

A waje Rabin Inci ta tsaya gaban benci. "'Yan'uwa, wa ke shan farin maganin ƙwannafi ko na ƙarin jini lokaci ɗaya da ƙwayarta?" Wata mai goyo ta ɗaga yatsa a ɓoye, wata ta bi, sai ta uku. "To kafin ku tafi ku biya ta tagar dattijon can ku tambaye shi. Ku je kafin ya buɗe kwanonsa."

Ta haihu ranar Laraba da hantsi, mace, mai ƙarar murya. Aka ba jaririyar nata maganin na ruwa, uwar tana ɗura mata da sirinji kullum, maigidan na riƙe da ƙananan hannayen yana ba ta haƙuri kamar shi ya yi laifin. Da ta cika mako shida aka soki diddigenta aka ɗiga jini a takarda. Kwanakin jiran nan Rabin Inci ba ta yi wa kowa fara'a ba, har Inna da ta zo dubiya ta ce gara ta koma wurin maɓallanta.

Ranar da suka je karɓa, maigidan ya kasa shiga, ya tsaya a baranda yana karanta sanarwar da ke bango, wadda ya riga ya karanta sau huɗu. Ta fito da 'yar a kafaɗa da takarda a hannu. Ya dubi fuskarta bai gane komai ba.

"Mutuniyar, yi magana mana!"

"Babu. Ba ta ɗauka ba."

Ya durƙusa a wurin, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hula. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta taɓa shi da ƙafa.

"Tashi, mutane na kallo. Ba a gama ba, tana shan nono, akwai gwaji a wata tara, akwai wani bayan yaye. Karɓe ta, ta jiƙa ni. Zan koma ciki a rubuta mini ranakun."